Yadda Tsohon Sojan Amurka Mai Cutar Parkinson Zai Nemi Diyyar Nakasa

Cutar Parkinson takan fara ne a hankali, da 'yar karkarwa a hannu ɗaya lokacin da mutum yake zaune bai yin komai, ko rubutunsa ya riƙa ƙanƙancewa har banki ya fara tantamar sa hannunsa, ko tafiya ta koma jan ƙafa. Sau da yawa kafin likita ya kira sunan ciwon, shekaru ashirin ko talatin sun wuce tun da mutum ya ajiye kaki, shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin sojoji ba sa kawo wa ransu cewa akwai alaƙa tsakanin wannan lalura da aikin da suka yi suna samari. Dokar Amurka kuwa ta amince da wannan alaƙa a wurare da dama, kuma Ma'aikatar Kula da Harkokin Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, tana biyan diyya duk wata ga wanda ya cika sharuɗɗa. Ba a cire haraji daga kuɗin, ba a duba wadatar mai nema ko talaucinsa, ba a kuma sharɗanta cewa sai ɗan ƙasa. Saboda haka ɗan Kano ko ɗan zangon Kumasi da ya yi aikin sojan Amurka sannan ya koma gida yana da haƙƙi daidai da na wanda yake zaune a Texas, muddin ba a sallame shi sallamar ƙasƙanci saboda babban laifi ba.

Mataki na farko, wanda ya kamata a ɗauka tun kafin a tara ko da takarda ɗaya, shi ne sanar da VA niyyar neman diyya. Ana yin haka da fom mai lamba 21-0966, ko ta waya, ko kuma ta hanyar fara cike takardar nema a shafin ma'aikatar na intanet. Amfanin wannan sanarwa shi ne tana kafa ranar da za a fara lissafin haƙƙi, kuma tana ba mai nema shekara guda cif ya kammala shirinsa. Wanda ya sanar a watan Maris, ya miƙa cikakkiyar takarda a watan Disamba, aka amince masa bayan wasu watanni, za a biya shi bashin da ya taru tun daga lokacin sanarwar. Wanda ya tsaya jira sai ya haɗa komai kafin ya yi magana ya yi asarar kuɗin waɗannan watanni, kuma babu hanyar dawo da su.

Bayan haka sai a tabbatar da cutar a rubuce. Babu gwajin jini da ke nuna Parkinson. Likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne yake gane ta ta hanyar duba sanyin motsi, sandarewar gaɓoɓi, karkarwar da ke zuwa lokacin hutu, da kuma yadda jiki ke amsa maganin levodopa. Asalin matsalar ita ce mutuwar ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamine a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa. Yana da muhimmanci rahoton likita ya ambaci sunan cutar ƙarara, domin akwai wata karkarwar da ke zuwa lokacin da hannu yake aiki, wadda ba Parkinson ba ce, kuma dokokin da za a ambata a ƙasa ba su shafe ta ba. Tsohon sojan da ya yi rajista da asibitocin VA yana iya neman a tura shi ɗaya daga cikin cibiyoyi shida na musamman da aka kafa a 2001 domin wannan cuta, a Philadelphia, Richmond, Houston, Los Angeles, San Francisco, da kuma ta haɗin gwiwar Portland da Seattle.

Yanzu sai babbar tambaya, wato ta wace ƙofa za a haɗa cutar da aikin soja. A nan ne ya kamata a zauna a yi nazari da kyau, domin wasu ƙofofin a buɗe suke, wasu kuma sai an yi gumi.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce wadda doka ta riga ta ɗauka cewa aikin ne ya jawo ciwon, ba sai mai nema ya kawo hujjar likita a kan sanadi ba. Abin da kawai zai nuna shi ne yana da cutar, kuma ya kasance a wurin da aka ambata cikin lokacin da aka ambata. Misali mafi shahara shi ne gubar Agent Orange, maganin kashe ciyawa da sojojin Amurka suka fesa a dazukan Biyetnam domin kakkaɓe ganyen itatuwa, wanda ya samo sunansa daga zanen ruwan lemo da ke jikin gangunan da ake zuba shi, kuma yake ɗauke da gubar dioxin. A 2010 VA ta sanya Parkinson cikin jerin cututtukan da ake dangantawa da shi, a 2021 kuma aka ƙara sauran lalurorin da ke kama da ita, waɗanda likitoci ke kira parkinsonism. Wanda ya yi aiki a Biyetnam tsakanin 9 ga Janairu 1962 da 7 ga Mayu 1975 ya shiga, ko da kwana ɗaya ya taka ƙasar. Dokar 2019 ta ƙara sojojin ruwan da jiragensu suka yi aiki cikin mil 12 na teku daga gaɓar ƙasar. Haka nan wanda ya yi aiki a yankin da ya raba Koriya ta Arewa da ta Kudu tsakanin 1 ga Satumba 1967 da 31 ga Agusta 1971.

Dokar PACT, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a ranar 10 ga Agusta 2022, ta faɗaɗa wuraren. Ta shigo da duk sansanonin Amurka da na gwamnatin Tailan da ke ƙasar Tailan daga 9 ga Janairu 1962 zuwa 30 ga Yuni 1976, da Laos daga 1 ga Disamba 1965 zuwa 30 ga Satumba 1969, da tsibirin Guam da Samoa ta Amurka daga 9 ga Janairu 1962 zuwa 31 ga Yuli 1980, da tsibirin Johnston inda aka jibge gangunan daga 1972 zuwa 1977. Duk wanda aka taɓa hana shi a baya saboda wurin aikinsa bai cikin jeri, ya kamata ya sake dubawa, domin abin da ya hana shi jiya mai yiwuwa ya kau.

Ƙofa ta biyu irin wannan ita ce ta sansanin sojojin kundumbala na Camp Lejeune da ke jihar North Carolina, tare da tashar jiragen sama ta New River da ke kusa da shi. Ruwan shan sansanin ya gurɓace da sinadaran wanke ƙarfe da na wankin tufafi, musamman TCE da PCE, da kuma benzene. Wanda ya yi aƙalla kwana 30 a can tsakanin 1 ga Agusta 1953 da 31 ga Disamba 1987 ya cancanta, kuma ba dole ba ne kwanakin su kasance a jere. Parkinson tana cikin cututtuka takwas da aka amince da su tun watan Maris na 2017. Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Neurology a 2023 ya kwatanta sojojin Lejeune da na Camp Pendleton da ke California, ya gano cewa haɗarin kamuwa da cutar ya fi yawa da kashi 70 cikin ɗari ga na Lejeune. Kada a haɗa wannan diyya da ƙarar kotu a kan gurɓataccen ruwan sansanin da aka riƙa tallatawa a talabijin, domin wa'adin shigar da waccan ya cika tun 10 ga Agusta 2024, alhali neman diyyar VA ba shi da wa'adi.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi shafar 'yan'uwanmu da suka shiga aikin a shekarun baya-bayan nan, suka je Iraƙi ko Afganistan, wato buguwar kai. Tun Janairun 2014 doka ta tanadi cewa idan an amince da raunin ƙwaƙwalwa matsakaici ko mai tsanani a matsayin wanda aka samu a bakin aiki, sannan Parkinson ta biyo baya, za a ɗauka raunin ne ya haifar da ita, sai dai idan akwai hujja bayyananniya da ta nuna wani sanadin. Ana auna tsananin ne da abin da ya faru a ranar da aka samu raunin: sumar da ta wuce minti 30 amma ba ta kai awa 24 ba matsakaiciya ce, wadda ta wuce awa 24 kuma mai tsanani ce. Saboda haka takardun asibitin fagen daga, da shaidar abokan aikin da suka ga lokacin da bam ya tashi da motar, suna da nauyi sosai. A lura cewa dokar PACT ba ta sanya Parkinson cikin cututtukan hayaƙin ramukan ƙona shara na Iraƙi da Afganistan ba, duk da cewa mutane da yawa suna zaton ta yi.

Wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba bai rasa hanya ba, amma nauyin hujja ya dawo kansa. Zai nuna abubuwa uku: cutar, abin da ya same shi a bakin aiki, da ra'ayin likita da ya haɗa biyun. Makanikin jirgin sama da ya yi shekaru yana wanke sassan inji da sinadarin TCE ba tare da safar hannu ba, ko wanda aikinsa shi ne feshin maganin ƙwari a bariki, ko wanda ya samu ƙaramar buguwar kai sau da dama, duk suna iya bin wannan hanya. Abin da ya kamata a fahimtar da likitan da zai rubuta wasiƙar shi ne VA ba ta neman tabbaci ɗari bisa ɗari. Ma'auninta shi ne yiwuwar cewa aikin ne sanadi ta kai aƙalla rabi, kuma idan hujjojin ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja gaskiya. Wasiƙar da ta ce kawai "mai yiwuwa ne" ba ta da wani amfani. Wadda ke aiki ita ce wadda likita ya nuna ya karanta takardun aikin, ya ambaci sinadarin da tsawon lokacin mu'amala da shi, ya kawo binciken da ya dogara da shi, sannan ya bayyana dalilin da ya sa bai jingina ciwon ga gado ko tsufa kaɗai ba.

Da an gane ƙofar da za a bi, sai tara takardu. Uwa a cikinsu ita ce takardar sallama, DD214, wadda ke nuna lokacin aiki da irin sallamar da aka yi. Idan ta ɓata, ana neman kwafi daga cibiyar adana takardun ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis da fom SF-180. Gobarar da ta tashi a wannan cibiya a watan Yulin 1973 ta cinye takardu tsakanin miliyan 16 da 18, akasari na sojojin ƙasa da aka sallama kafin 1960 da na sama da aka sallama kafin 1964, don haka tsofaffi sosai kan iya samun amsar cewa fayil ɗinsu ya ƙone. Wannan ba ya kashe nema, domin ana karɓar takardun albashi, umarnin canjin wurin aiki, wasiƙun da aka aika gida masu hatimin gidan wayar soja, har da hotuna. Takardun asibitoci masu zaman kansu kuma, ko dai mai nema ya karɓo ya haɗa da kansa, wanda ya fi sauri, ko ya sa hannu a fom 21-4142 domin VA ta nemo.

Akwai wata hujja da mutane ke rainawa alhali a ganina ita ce ke bambanta wanda ya samu kaɗan da wanda ya samu abin da ya dace, wato bayanin na kusa. Matar da ke ɓalla masa maɓallin riga kowace safiya, ɗan da ya lura shayi yana zubewa kafin kofi ya kai baki, maƙwabcin da ya ga ya daskare a bakin ƙofa ƙafafunsa sun ƙi ɗagawa, duk suna iya rubuta abin da suka gani a fom 21-10210. Yana da kyau a ware ƙaramin littafi na wata ɗaya ko biyu, a riƙa rubuta ranar da ya faɗi, sau nawa ya tashi fitsari da dare, lokacin da magani ya sake shi kafin lokacin shan na gaba, ranar da ya shaƙe da ruwa, ranar da ya koma yin salla a zaune saboda tashi daga sujada ya gagara. Bayani irin wannan, mai kwanan wata, ya fi cewa "yana shan wahala" amfani nesa ba kusa ba.

Takardar nema ita ce fom 21-526EZ, kuma ana iya miƙa ta ta intanet, ta gidan waya, ko a ofishin VA na yanki. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "Parkinson" kawai a tsaya. A jera kowace lalura da cutar ta haifar da sunanta: karkarwa da sandarewar hannun dama, na hagu, kowace ƙafa, rashin daidaito wajen tsayuwa, dusashewar murya, wahalar haɗiya, taurin ciki, matsalar fitsari, rashin jin wari, matsalar barci, damuwa da baƙin ciki, mantuwa, da raunin mazakuta. Wannan na ƙarshe mutanenmu kan ji nauyin ambatonsa, amma akwai ƙarin kuɗi na musamman da doka ta ware masa. Ba dole ba ne mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da wakilai masu izini da ke taimakawa kyauta, ana naɗa su da fom 21-22. Lauya mai izini ba ya da hurumin karɓar kuɗi a kan neman farko, sai bayan an yanke hukunci. Duk kamfanin da ya nemi a ba shi diyyar watanni da dama a matsayin lada tun a karon farko, a bincika ko sunansa yana cikin jerin masu izini na VA kafin a sa hannu a kan komai.

Bayan miƙa takarda za a kira mai nema zuwa gwajin tantancewa, a asibitin VA ko wurin likitan da aka ba kwangila. Rashin zuwa ba tare da uzuri ba yana iya kashe neman baki ɗaya, don haka idan ranar ba ta yi ba, a kira a canza tun da wuri. Wannan likita ba magani zai bayar ba, aikinsa cike takarda ne, kuma abin da aka faɗa masa shi zai rubuta. A nan tarbiyyarmu kan cuce mu. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, aka ce masa "Yaya jiki?" zai ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi", ga kuma horon soja da ya koya masa cewa namiji ba ya raki. Godiya ga Allah tana da wurinta, amma a ɗakin gwaji amsar da ake buƙata ita ce bayanin rana mafi muni da ta tsaka-tsaki, ba tare da ƙari ko ragi ba. Maganin levodopa yana da lokacin da yake aiki da lokacin da yake saki, kuma idan gwajin ya faɗo awa ɗaya bayan shan magani, likita zai ga mutum mai tafiya daidai. Sai a gaya masa yadda jikin yake kasancewa idan maganin ya saki, da awa nawa hakan ke ɗauka a rana. Kada a daina shan magani domin a nuna tsananin ciwo, wannan ganganci ne mai haɗari. A je da uwargida ko wanda ke jinya, a kuma riƙe littafin nan.

Idan takardar hukunci ta iso, a karanta ta layi-layi. VA tana auna Parkinson a ƙarƙashin lamba 8004 a jadawalinta na auna nakasa, kuma mafi ƙarancin matakin nakasar da ake bayarwa shi ne kashi 30 cikin ɗari. Mutane da yawa suna ganin 30 sai su ɗauka iyakar ke nan, alhali wannan matakin farawa ne kawai. Ƙa'ida ita ce a auna kowace lalura daban, idan jimlarsu ta haura 30 sai a ba da jimlar. Lissafin ba tarawa ba ne irin na kasuwa. Idan hannu ya samu 40, damuwa 30, fitsari 20, za a cire 40 daga 100 saura 60, a ɗauki kashi 30 na 60 wato 18 a kai 58, sannan kashi 20 na ragowar 42 ya kai jimlar kusan 66, sai a mayar da ita 70. Akwai kuma ɗan ƙari idan lalura ta shafi hannu biyu ko ƙafa biyu. Bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne: a ma'aunin 2025, mai kashi 30 da ba shi da iyali yana karɓar dala 537.42 a wata, mai kashi 100 kuma dala 3,831.30, kuma daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya idan an yi musu rajista.

Wanda cutar ta hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa yana iya neman a biya shi kamar mai kashi 100 ko da lissafinsa bai kai ba, da fom 21-8940. Sharaɗin da aka saba shi ne lalura ɗaya mai kashi 60, ko jimlar 70 da ɗaya a ciki ta kai 40, kuma lalurorin da suka fito daga tushe ɗaya, kamar na Parkinson, ana ɗaukarsu a matsayin ɗaya wajen wannan lissafi. Idan ya kai ga sai an yi masa wanka, an sa masa tufafi, an ba shi abinci, akwai ƙarin kuɗin jinya da likita ke cike fom 21-2680 a kansa. Tunda cutar gaba take yi, a riƙa neman ƙari da fom 21-526EZ duk lokacin da jiki ya canza sosai.

Idan an ƙi amincewa, ko an ba da ƙasa da abin da ya dace, akwai hanyoyi uku tun sauyin dokar ɗaukaka ƙara na Fabrairun 2019, kuma a bi ɗaya cikin shekara guda daga ranar takardar hukunci domin kada a rasa ranar lissafi ta farko. Mai sabuwar hujja, kamar wasiƙar likita ko takardar da ta nuna ya je Tailan, zai cike fom 20-0995. Wanda yake ganin hujjar tana nan amma an yi kuskuren karanta ta, misali an bar shi a 30 ba a auna ƙafafunsa ba, zai nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996, inda ba a karɓar sabuwar takarda. Ta uku ita ce zuwa gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara da fom 10182, wadda ta fi ɗaukar lokaci, kuma bayanta akwai kotun tarayya ta musamman da ake da kwana 120 a kai mata ƙara. Sojojin da suka yi aiki a Biyetnam da aka hana kafin 2010 su ambaci shari'ar Nehmer, wato ƙarar da tsofaffin sojoji suka kai VA a kan Agent Orange, ga wakilinsu, domin a ƙarƙashinta ana iya mayar da lissafi zuwa ranar neman farko, kuma bashin shekaru ne.

Mazauna wajen Amurka suna karɓar kuɗinsu inda suke, kuma akwai shirin VA na biyan kuɗin magani a ƙasashen waje, amma na lalurorin da aka amince da su kaɗai, wanda shi ma dalili ne na tabbatar da an rubuta kowace lalura da sunanta. A adana rasiɗai da rahoton likita, kuma a sanar da VA duk canjin adireshi ko asusun banki, domin wasiƙar da ta ɓata a hanya ba ta dakatar da wa'adi.

Iyali kuma su san cewa haƙƙin ba ya ƙarewa da rasuwar mai gida. Idan Parkinson ce ta yi sanadi ko ta taimaka wajen rasuwar, matarsa tana iya neman diyyar wata-wata da fom 21P-534EZ, kuma idan ya rasu neman yana kan hanya, tana da shekara guda ta nemi ta gaje shi a kan neman. Sau da yawa abin da ake rubutawa a takardar shaidar mutuwa shi ne ciwon huhu ko faɗuwa, alhali wahalar haɗiya ko rashin daidaiton da cutar ta kawo ne tushe, don haka a roƙi likitan da zai cike takardar ya ambaci Parkinson a cikin abubuwan da suka taimaka, idan har haka ne gaskiyar lamarin.